Garmahon Gado: Yadda Ake Gane Na Asali, a Gyara Shi Ba Tare da An Kashe Faifai Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga nan Sakkwato, yau wannan baƙin akwatin da kuke gani a kan tabarma za mu buɗe. Garmaho ne. Ba ya cin batir, ba ruwansa da wutar lantarki. Hannu ake sa masa a yi masa wani, faifai ya juya, murya ta fito. A tsofaffin gidaje akan tarar da irinsa a ƙarƙashin gado ko a ɗakin shirgi, ƙura ta rufe shi, jikoki ba su ma san mene ne ba.

In kun samu irinsa, don Allah kada ku yi gaggawar ɗora masa faifai. Inji ko ya shekara hamsin a ajiye yana gyaruwa. Faifai kuwa in allura ta cinye shi, shi ke nan, babu mai mayar da muryar da ke ciki.

To, mu fara da sanin abin da ke hannunmu. A 1877 Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita, a Amurka. Tasa a jikin wani abu mai siffar gwangwani take karanta sauti. A 1887 Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya yi rajistar mai shimfiɗaɗɗen faifai, kuma ita ce ta ci kasuwa. Saboda haka in naku yana da faranti mai juyawa, zuriyar Berliner ne.

Ku ɗaga murfi ku dubi tambari. Kun ga karen nan da ya karkata kai yana sauraren ƙaho? Sunansa Nipper, zanen Francis Barraud ne, kamfanin Gramophone na Landan ya saye shi a 1899, daga baya ya zama tambarin HMV, wato His Master's Voice, sunan da kamfanin ke sa wa kayansa. Kamfanin Victor na Amurka shi ma da karen ya yi aiki. Akwai kuma Columbia, da Decca wadda ta fito da na ɗauka-a-hannu a 1914. Irin wannan mai kama da jakar tafiya, a wajen HMV shahararru biyu ne: lamba 101 na tsakiyar shekarun 1920, da lamba 102 da ya fito a 1931, aka ci gaba da ƙera shi har ƙarshen shekarun 1950. Lambar tana kan ɗan allo a jikin katakon inji, wani lokaci sai an cire farantin kafin a gan ta. Ku ɗauki hotonta ku ajiye, domin da ita ake neman kayan gyara.

Amma tambari kaɗai ba shaida ba ne. Akwai na jabu da yawa, galibi daga Indiya, masu ƙaton ƙahon tagulla mai sheƙi da hoton kare sabo fil. Suna da kyau a falo, ban musa ba, sai dai ba tsofaffi ba ne. Ku dubi hannun wani. A garmaho mai ƙaho na asali, a miƙe yake shiga gefen akwati. In kun ga ya shiga a karkace, to injin ƙaramin garmaho na jaka aka ciro aka cusa a sabon akwati. Ku leƙa ciki: katako fari, ƙamshin fenti, ramukan kusoshi da ba su dace da injin ba. Ku taɓa ƙahon, za ku ji shi sakayau, haɗinsa da gwiwar ƙarfen kuma aikin gaggawa ne. Abin da ya fi damuna da su shi ne hannun allurarsu ba ya tafiya daidai, yana gurje faifai.

Yanzu mu shiga ciki. Kafin ku kwance kusa ko ɗaya, ku saki birki faranti ya yi ta juyawa har ya tsaya da kansa, wanin ya ƙare kaf. Ku cire hannun wani, ku ɗaga faranti, sannan ku kwance katakon.

Ga injin. Wannan gwangwanin ƙarfe, sifirin, wato dogon fallen ƙarfe mai tauri, ne a naɗe a cikinsa, tsawonsa mita da dama. Shi ne ke ajiye ƙarfin hannunku. Wannan kuma mai 'yan duwatsun ƙarfe uku da ke buɗewa in yana gudu, shi ke daidaita sauri. In garmaho yana cikin waƙa kuka ji "gum!" daga ciki, tsohon giris ne ya daskare, sifirin yana mannewa yana kuɓucewa. Maganinsa a wanke da kananzir, a goge, a sa sabon giris. Sai dai ina roƙonku, wanda bai taɓa yi ba kada ya ciro sifirin shi kaɗai. In ya ƙwace yana yanka yatsa, yana iya samun ido. Ku kai wa tsohon mai gyaran agogo ko na keken ɗinki, a sa safar hannu mai kauri, a kare ido. Sauran wuraren juyawa ɗigon man keken ɗinki ya ishe su, har da ɗan ƙyallen nan da ke gogar madaidaicin sauri. Kada a cika mai. Ƙurar hunturunmu in ta haɗu da mai, sai ta zama abin da ke cin haƙoran ƙarfe.

Bayan an mayar, a gwada sauri. Ku liƙa 'yar takarda a bakin faranti ku ƙirga: zagaye 78 a minti ɗaya, wato 26 a daƙiƙa 20.

Nan kuma ga inda muryar take, wannan ɗan kai mai riƙe allura. Ku matso ku gani. Allura tana bin layin faifai tana karkarwa, siririn ƙarfen nan ya kai karkarwar zuwa wannan fallen da ke tsakiya, shi kuma ya kaɗa iska kamar yadda fatar kotso ke yi in makaɗi ya taɓa ta, ƙaho ya ƙara mata ƙarfi. A tsofaffi fallen na wani dutse ne garai-garai mai ɓarewa, ana hango ciki. A na baya, irin kan 5A da 5B na HMV, na alminiyam ne mara kauri. Mai fallen dutse zoben roba ne ke riƙe shi gaba da baya, kuma zafin Sakkwato ba ya barin roba da rai; za ku tarar ta bushe ta tsattsage. Ku hura iska a hankali ta bayan kan. In tana zurarewa, a canza robar da sabon siririn tiyo mai laushi, a ɗiga kakin zuma inda ƙarfen ya haɗu da fallen. Wannan ɗan aikin shi ya fi kowane gyara sauya sauti, kuma kai mai laushi ba ya wahalar da faifai. Na alminiyam kuwa kada yatsa ya danna shi, in ya lotsa da wuya ya koma.

Akwatin fa? A duba gara tukuna. A goge da ɗanyen tsumma, a manne inda rufin ya ɗaga. Muna da dukawa gwanaye a garin nan, fatar jar akuyarmu duniya ta san ta, sai a sa su ɗinka sabon mariƙi in tsohon ya tsinke. Amma ni ban yarda a feɗe akwatin duka a sake masa riga ko a shafe tambari da fenti ba. Darajarsa ta tafi ke nan.

Sai allura, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Allurar ƙarfe fuska ɗaya ta faifai take yi, wajen minti uku, a cire ta a yar. Haka aka tsara abin: an cakuɗa garin dutse a jikin faifan don allura ta ci, layin ya tsira. In ta gama fuska ɗaya bakinta ya zama kurfi, in aka sake sa ta sai ta riƙa sassaƙar waƙar. Shi ya sa ake sayar da su ɗari-ɗari a 'yan gwangwanaye, kuma har yanzu ana ƙera sababbi. Allurar ɗinki ba ta maye gurbinta. Faifan roba na zamanin baya, mai gudun 33 ko 45, shi ma kada ya hau wannan inji, sawa ɗaya za ta lalata shi.

Faifan garmaho da ƙaron wani ƙwaro na Indiya ake yin sa, yana fashewa in ya faɗi, kuma sifirit yana narkar da shi. Ruwa da ɗan sabulu da buroshi mai laushi, a kiyaye takardar tsakiya, a bar shi ya bushe sarai a inuwa. A jera su a tsaye cikin rigunansu, nesa da kwanon rufi da cikin mota, don a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40, faifai kuma yana lanƙwashewa.

Ku karanta takardar tsakiyar da kyau. Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a harsunan Afirka ta Yamma a Landan, daga baya HMV da Decca suka fitar da jerin faya-fayai na musamman don wannan yanki. In kuka ga an rubuta Hausa a jiki, ku rubuta sunan mawaƙin da lambar faifan, ku ɗauki hoton fuska biyu. Ranar da za ku fara sa shi, ku sa sabuwar allura mai siririn baki, ku ajiye waya kusa da bakin akwatin ku naɗi sautin, daga nan ku riƙa sauraren na wayar.