Kaburburan Duwatsu a Kan Tuddan Loughcrew

Malam Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Yau ni da Hajiya Bilkisu za mu leƙa ƙasar Ireland, gundumar Meath, kusa da garin Oldcastle, inda tuddan Loughcrew suke ɗauke da kaburbura na tarin duwatsu kimanin 30, waɗanda aka gina fiye da shekaru 5,000 da suka wuce, tun ba a ɗora harsashin dalar Giza ta Masar ba.

Hajiya Bilkisu: Barka dai, Malam. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne wurin da suka zaɓa. Tudun da ya fi tsawo ya kai mita 276, babu wanda ya kai shi a duk gundumar, kuma har yau ciyawa ce da tumaki kewaye da shi. Manoman da ba su san ƙarfe ba, me zai sa su jawo manyan duwatsu har can ƙoli, alhali ga fili shimfiɗe a ƙasa?

Malam Sani: Ina ganin amsar tana cikin ginin kansa. Mu ɗauki kabarin da ake kira Cairn T, wato tarin duwatsu mai harafin T, domin Eugene Conwell da ya binciki wurin daga 1863 haruffa ya laƙaba musu. Faɗinsa ya kai kusan mita 35. Mutum sai ya sunkuya ya bi wani siririn lungu, sannan ya fito cikin ɗaki mai ƙananan ɗakuna 3, hagu da dama da gaba. Dutsen da ke can ƙurya an sassaƙe shi da zanen da'ira-da'ira, wasu da tsirkiya kamar rana. Sau 2 a shekara, a Maris da Satumba, lokacin da dare da yini suke daidaita, hasken fitowar rana yakan ratsa lungun ya sauka a kan zanen, yana tafiya a hankali daga wannan alama zuwa waccan. Wasu masu bincike, Martin Brennan da Jack Roberts, ne suka lura da haka a 1980.

Hajiya Bilkisu: To amma Malam, kada mu mayar da shi agogo mu manta da matattu. An tono ƙasusuwan mutane da aka ƙona, da tsinkunan ƙashi, da duwatsun ado, da fasassun tukwane.

Malam Sani: Gaskiyarki, Hajiya, sai dai ni ban yarda aikin binnewa kaɗai ya kai a yi wannan wahala ba. Wanda ya daidaita ƙofa da fitowar rana yana sa ran rayayyu za su riƙa dawowa.

Hajiya Bilkisu: Kuma sun dawo ɗin. A Cairn H an sami dubban faya-fayen ƙashi, wasu da zane irin na zamanin ƙarfe, wato bayan kusan shekaru 3,000 mutane suna ta hawa. Daga baya mazauna yankin suka ba wurin labarinsu: wai wata tsohuwa ce ta ciko zaninta da duwatsu tana tsalle daga tudu zuwa tudu suna zubowa, har ta faɗi ta mutu. Wani ƙaton dutse a gefen Cairn T ma kujerarta ake ce masa.

Malam Sani: Mai niyyar zuwa ya sani cewa tun 2018 aka rufe cikin Cairn T saboda fargabar rufin ya rufta, sai dai a zagaya shi ta waje.