A Saki Adireshi Kafin a Zare Kebul

Assalamu alaikum, masu kallo. Akwai tambayar da masu shagunan intanet a Samaru da Kongo ke yawan yi: me ya sa rauta, wato na'urar da ke raba intanet a shago, take hana sabuwar kwamfuta shiga, alhali waɗanda suka yi aiki da safe duk sun tafi?

Duk kwamfutar da ta hau layi tana buƙatar adireshin IP, wato lambar da ake gane ta da ita a layin, irin wanda kuke gani a allo, 192.168.1.25. Haya ake ba ta shi, ta tsarin DHCP, wanda ƙa'idojinsa ke cikin takardar RFC 2131 ta shekarar 1997. Kwamfuta ta nema, rauta ta miƙa, kwamfuta ta karɓa, rauta ta tabbatar. Wa'adin yakan kasance awa 24 a rautocin gida da dama, sabar Windows kuwa, wato kwamfutar da ke raba wa sauran adireshi, kwana 8 take bayarwa idan ba a canza ba, kuma da zarar an ci rabin wa'adin, kwamfuta kan nemi ƙari da kanta.

To, ga inda ake kuskure. Mutane da yawa sun ɗauka cewa zare kebul ko kashe kwamfuta shi ne mayar da adireshi. Ba haka ba ne. A lissafin rauta, adireshin yana hannun mai shi har wa'adi ya cika, tamkar ɗalibin da ya kwashe kayansa daga ɗakin haya bai yi wa mai gida sallama ba: ɗaki babu kowa, amma ba za a ba wani ba sai kuɗinsa sun ƙare.

Sallamar ita ce saƙon DHCPRELEASE, kuma ta cikin wannan kebul ɗin za ta bi. Saboda haka sai an saki adireshi tukuna a zare kebul. A Windows, ku rubuta ipconfig /release, ku ga lambar ta ɓace, sannan ku cire. A Linux, inda ake amfani da manhajar dhclient, umarnin shi ne dhclient -r. Ku dubi abin da ya faru da muka zare kebul kafin mu rubuta umarnin: kwamfutar ta ƙi, ta ce babu abin da ke jone. Ku lura kuma rauta ba ta mayar da amsar wannan saƙo, don haka idan ya salwanta a hanya, babu mai sanar da ku. Windows ma ba ta aika shi lokacin kashewa sai an saita ta.

A gidan da na'urori ba su wuce biyar ba, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma layi irin na 192.168.1.25 ɗin nan yawanci adireshi 254 kawai yake ɗauka, kuma inda wayoyi ke shiga suna fita duk yini, sukan ƙare, sai sabon zuwa ya tsinci kansa da lambar da ta fara da 169.254, babu intanet. A ganina, mai shago ya rage wa'adin zuwa awa ɗaya ko biyu, ya fi masa sauƙi a kan roƙon kwastomomi su rubuta umarni.

Don Allah kada ku saki adireshin kwamfutar da kuke sarrafawa daga nesa, domin nan take za ta yanke, sai kun je wurinta kun rubuta ipconfig /renew.