Wa Ya Isa Ya Kashe Injin Iska? Gina 'Yan Ƙwadago a Labarin Duniyar Mas

[Hoto: jajayen duwatsun Mas, kumbo yana sauka cikin ƙura]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da muka yi bidiyon nan kan ƙagaggun labaran kimiyya, marubuta suke ta turo min babi-babi in duba musu. Na karanta, kuma wallahi akwai masu alƙalami a cikinku. Sai dai abu ɗaya ya yi ta dawowa, har na fara zargin ko a zaure ɗaya kuka zauna kuka rubuta. An kafa gari a duniyar Mas. Kamfanin da ya kafa shi azzalumi ne. Ma'aikata sun gaji. Sai wani matashi mai faɗin ƙirji ya ɗare kan tebur ya ce daga yau an shiga yajin aiki, a kashe komai. Aka kuwa kashe komai.

To, shi jarumin me zai shaƙa?

[Hoto: motar binciken Perseverance, sannan cikin tashar sararin samaniya]

Bari mu zaga garin da gudu, don ba nan matsalar take ba. Iskar Mas kusan kashi 95 cikin ɗari irin wadda muke fitarwa ce daga huhu, kuma ba ta da kauri ko kaɗan. Mutum ɗaya yana buƙatar kusan giram 840 na iskar shaƙa a yini. Na'urar MOXIE da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ɗora wa Perseverance ta tatsi iskar shaƙa daga iskar Mas, daga 2021 zuwa 2023, ta tara giram 122. Duk wannan ɗawainiya, bai kai numfashin mutum ɗaya na awa huɗu ba. Ruwa kuma ƙanƙara ce a ƙarƙashin ƙasa, sai an haƙo. Wanda aka sha sai an sake tace shi. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a 2023 sun kai ga dawo da kashi 98 na ruwansu, har da gumi da fitsari. E, shayin yau shi ne na jiya. Mu wuce.

Hanyar zuwa Mas tana buɗewa sau ɗaya ne duk wata 26, lokacin da Mas da duniyarmu suka daidaita, tafiyar kuma wajen wata bakwai. Saƙon rediyo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Ku riƙe wata 26 ɗin nan, za mu dawo kansa.

[Hoto: layin motoci a gidan mai, sannan ƙofar jami'a a rufe]

Yanzu ga inda ake tuntuɓe. Yawancinku kuna raba ma'aikata da ra'ayi ne: waɗannan masu zafin kai, waɗancan masu sanyi, ga munafiki guda a tsakiya. Ku ajiye ra'ayi tukuna. Ku ɗauki kowace sana'a ku yi mata tambaya ɗaya: idan waɗannan suka ajiye kayan aiki yau, wa zai fara ji a jikinsa, kuma bayan wane lokaci?

Mun san amsar irin wannan tambaya a gida. Direbobin tankar mai su yi fushi ranar Litinin, kafin Laraba layi ya kai bakin titi, gwamnati tana neman a zauna. Malaman jami'a kuwa a 2022 sun yi wata takwas cur, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ba wai direbobin sun fi su gaskiya ba ne. Agogonsu ne ya fi gudu.

Kowace sana'a da agogonta. A Mas, agogon nan shi ne siyasa gaba ɗayanta.

[Hoto: zanen garin, bututu suna haskawa kashi-kashi]

Mu fara da masu kula da injin iska. Na san sunan da ya zo bakinku. A'a. Kada wanda ya sa musu 'yan iska a littafinsa, sai dai in abokan gabarsu ne ke tsokanarsu da shi, wanda kuwa tabbas za su yi. Agogonsu awoyi ne. Kuma abin da zai fara kayar da mutane ba ƙarewar iskar shaƙa ba ce, taruwar wadda ake fitarwa ce. Abin da ya kusa halaka 'yan sama jannatin kumbon Apollo 13 ke nan a 1970, sai da suka haɗa matata mai kusurwa huɗu da rami mai zagaye, da leda da kwali da salatif. Idan iskar nan ta taru, sai ciwon kai, kasala, sai mutum ya daina tunani daidai.

Kun ga ke nan su suka fi kowa ƙarfi a garin. Kuma su ne kaɗai ba za su taɓa iya amfani da ƙarfin ba, don 'ya'yansu ma a wannan bututun suke numfashi. Bindiga ce a hannunsu, amma bakinta a ƙirjinsu yake. Me kamfani mai wayo zai yi da irin waɗannan? Zai ba su albashi mai tsoka, ɗaki mai taga, ya sa su rantsuwa cewa ba sa yaji. Cikin shekara goma sun zama masu ɗaurin gindi. Ba sai kun rubuta cewa "masu sassaucin ra'ayi ne" ba, aikin ne ya mai da su haka. Sauran ma'aikata kuma za su tsane su fiye da yadda suka tsani manaja, don zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

[Hoto: rami mai duhu, fitilun goshi]

Sai masu haƙar ƙanƙara. Su suka fi yawa, su suka fi mutuwa, su ake biya mafi ƙanƙanta. Agogonsu fa? Girman tankin ajiya. Idan tankin yana ɗaukar ruwan wata uku, to yajinsu ba ya cizo sai bayan wata uku. Nan ne nake so ku tsaya ku yi tunani kamar 'yan ƙwadago. Idan manaja ya kawo shawarar gina sabon tanki babba, "don lafiyar kowa", wa zai ƙi? Masu haƙa. Sun gane kowane tanki da aka ƙara, an rage musu murya ne. Ga ku da rigima mai daɗi: mutanen da suke da gaskiya suna adawa da abin da zai ceci rai, kuma mai karatu ya rasa bayan wa zai bi. Wannan ya fi min mugun manaja mai dariyar ƙeta sau dubu.

[Hoto: filin saukar kumbo, fayau babu kowa, sannan cike da kaya]

'Yan dako da masu haɗa man kumbo su ne abin dariyar. Wata 24 babu mai ko kallonsu. Su yi yaji, sai a ce Allah ya huta gajiya. Amma idan hanya ta buɗe, makonnin nan kaɗan, duk garin a tafin hannunsu yake. Kumbon da bai tashi a kan lokaci ba sai bayan shekara biyu da ɗoriya. Kamar mai sayar da rago ne ana jibi Sallah. Saboda haka kullum maganarsu ita ce a jira, a jira lokaci. Masu haƙa kuma suna binne 'yan'uwansu yau, ana ce musu su jira wata 18. Kun ga ɓaraka ta biyu, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Manoman rumfunan gilashi nasu ya fi ban tsoro. Su bar shuka mako biyu, ba wanda zai ji komai, sai bayan wata uku yunwa ta zo, lokacin an riga an sasanta an yi musabaha. Irin wannan makamin ba a mayar da shi kube. Masu jinya, malaman makaranta, masu shara, ku cike da kanku, tambayar dai ita ce wannan.

[Babu hoto a nan, fuskata kawai. Ku yi haƙuri da ita.]

Akwai wani tsagi da ya ratsa duk waɗannan. Wani ya zo da kwantiragin zango biyu, wato wata 26 sau biyu, yana ƙirga kwanaki, yana so ya tara ya koma ya gina gida. Wani kuma a can aka haife shi, bai taɓa ganin ruwan sama ba. Na farko kuɗi yake so. Na biyu kuɗin me? Ina zai kashe su, a kantin kamfani? Shi so yake a ce da shi ake yanke shawarar waye mai injin iskar. Ku zaunar da su a taro ɗaya ku ga yadda takardar buƙatu za ta gagara rubutuwa.

Kuma kada ku manta, kamfanin ma a ɗaure yake. A 1981 shugaban ƙasa Ronald Reagan ya kori masu kula da zirga-zirgar jiragen sama fiye da 11,000 da suka shiga yaji a Amurka, ya cike gurbin da shugabanninsu da sojoji da sababbin ɗauka. A Mas wa ke tsaye a bakin ƙofa yana neman aiki? Wanda ka kora ma yana nan, yana ci, yana sha, yana numfashi har hanya ta buɗe. Wa zai biya kuɗin iskarsa? Don haka makamin kamfani bashi ne. Ku duba garin Pullman kusa da Chicago a 1894: mai kamfanin shi ne mai gidajen haya, ya rage albashi ya bar kuɗin haya yadda yake. Ku ƙara kuɗin iska da kuɗin kujerar komawa gida a kan wannan, kun gama.

[Hoto: tsofaffin hotunan mahaƙar kwal ta Inugu]

To idan ba a kashe komai, yaya ake faɗan? Jan ƙafa. A zo aiki, a bi kowace doka ta kariya harafi-harafi, a duba kowace kusa sau uku, abin da ake yi a yini ya koma mako. Salon da mahaƙan kwal na Inugu suka bi ke nan a 1949. Kuma ku lura da abin da ya jawo jini ranar 18 ga Nuwamba a mahaƙar Iva Valley: hukumar mulkin mallaka ta tsorata da nakiyoyin fasa dutse da ke ma'ajiyar mahaƙar, ta turo 'yan sanda su kwashe, aka buɗe wuta, ma'aikata 21 suka mutu. Tsoron abin da ma'aikaci zai iya yi da kayan aikinsa. A garinku na Mas kowane mai haƙa yana da nakiya, bango kuma shi ne tsakanin mutane da mutuwa. Ni ban ce komai ba.

[Hoto: Michael Imoudu, tashar jiragen ruwa ta Gdansk, tsaunin Marikana]

Shugabanni ba za su ba ku wahala ba in kun yi wancan aikin, don kowane agogo yana haifar da irin nasa. A yajin gama-gari na Najeriya a 1945, manyan ƙungiya sun yarda a ɗaga, Michael Imoudu na 'yan reluwe ya ce ba a ɗagawa, ma'aikata suka bi shi, aka yi fiye da kwana 40. A Gdansk ta Folan a 1980, korar wata mai tuƙa injin ɗaga kaya, Anna Walentynowicz, ana saura watanni ta yi ritaya, ita ta kunna wutar, sannan wani mai gyaran lantarki da aka kora tun da daɗewa, Lech Walesa, ya shigo ya karɓi ragama. A Marikana ta Afirka ta Kudu a 2012, masu fasa dutse sun tsallake babbar ƙungiyarsu ne don suna ganin ta yi kusa da kamfani, kafin 'yan sanda su harbe 34 ranar 16 ga Agusta.

Ni da zan rubuta, shugabar masu injin iska dattijuwa ce da ta taɓa kwashe gawarwaki daga sashen da matata ta lalace, shi ya sa kalmar yaji take sa ta rawar jiki. Ba matsoraciya ba ce, ta ga abin da matasan ba su gani ba. Na masu haƙa kuma ba mai iya magana ba ne, shi ne dai wanda ke zuwa gaya wa iyali an yi rasuwa. Na 'yan dako ɗan lissafi ne, kalanda a aljihu, murmushi da kowa, kuma yana da kujera a kumbo mai zuwa, abin da bai gaya wa kowa ba. Manajan ma ku tausaya masa kaɗan. Masu ba shi umarni suna duniya suna shan iskar Allah kyauta, shi kuwa dattijuwar nan ce ke tace wadda yake shaƙa. Sunaye ku sa da kanku. In kuna so ku ba su sarauta irin ta sana'a, yadda muke da Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera, Sarkin Famfo bai yi min muni ba.

[Hoto: rana tana faɗuwa a Mas, shuɗi-shuɗi]

Ga kyauta kafin in tafi. Yinin Mas awa 24 ne da minti 39. An rubuta kwantiragi a duniya, da agogon duniya, aiki karɓa-karɓa kashi uku, awa takwas-takwas. Saura minti 39 kullum da ba na kowa ba, injin kuma ba ya tsayawa. Wani ne zai tsaya a kansa. Kamfani ya ce lokacin miƙa aiki ne, ba a biya. Masu aikin dare suka ce a kansu yake faɗawa. Ku lissafa a shekara ku ga awa nawa ne, ku ba wa ɗan lissafin nan na 'yan dako takardar, ranar da ya rage kwana tara kumbo ya tashi.