Na daina kaftu, ciyawa ta ƙaru: ina matsalar take?

Satin nan gardama ta kaure tsakanin masu lambu a Ojo da ke Legas. Wani bidiyo ne ke yawo a WhatsApp, wai ka daina kafce ƙasa, ciyawa za ta ɓace. Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, na gwada. Wata guda ban ga alayyahuna ba, sai ciyawa." To, da mai bidiyon da Baba, kowa na da gaskiyarsa. Abu ɗaya aka tsallake.

Ku kalli ƙasar nan da na ɗebo a tafin hannu. Cike take da irin ciyawa, ido ne kawai ba ya gani. Wani na saman ƙasa, wani na can ƙasa yana barci, kuma barcin ba na wasa ba ne. A 1879 wani masani a Michigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe cike da yashi da irin ciyayi. Da aka tono ɗaya a 2021, wasu suka tsiro. Shekara 142! Mutanen Arewa ba sai an faɗa mana ba, mun san wuta-wuta, irinta kan haura shekara goma yana jira.

Yanzu ga fartanya ta shiga. Aiki biyu take yi a sara ɗaya. Tana binne sabon irin da ya zuba bana, kamar ka kai masa ajiya rumbu, sannan ta fito da tsohon sama. Ƙananan iri da yawa haske suke jira, da sun gan shi sai tsiro.

Ga wurin da ake ruɗewa, a nan zan tsaya in yi bayani. Idan ka daina kaftu, na can ƙasa ya zauna a inda yake, a hankali yana ruɓewa. Madalla. Amma duk irin da ya zuba daga yau, a sama zai taru, cikin 'yan santimita na farko, inda ga haske ga danshi. Wani kaso tururuwa za su kwashe, ku duba yadda suke jan sa. Gyare, ɓera da kurciya su ci nasu, rana ta ƙone wani. Sauran fa? Su tsiro gaba ɗaya. Abin da ya faru da Baba ke nan. Ga Legas da ruwan sama, ga ban-ruwa a lambu duk shekara, ciyawa ba ta san rani ba.

Saboda haka a shekarun farko aikinka ɗaya ne: kada ka bar ciyawa ta yi 'ya'ya. Zarangade ƙwaya ɗaya tak na iya zubar da dubun-dubatar iri. Cire ta kafin ta yi fure, da hannu ko ka kankare sama-sama. Sai ka rufe ƙasar da karan masara ko busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, da kauri, don toshe haske. Ni dai a ganina, wanda ba zai rufe ƙasa ba, gara ya ci gaba da kaftunsa.

Sai tofa da aya-aya. Waɗannan ba ruwansu da wannan lissafi, ta saiwa da 'yan ƙullutu suke yaɗuwa a ƙarƙashin ƙasa, kuma rashin kaftu daɗi yake musu. In suna gonarka, tone su tukuna, ka shanya saiwar a rana ta bushe ƙayau kafin ka ajiye fartanya.