Lacca kan ofshin: me kake saya a zahiri?

Jama'a sannunku da zuwa, na baya ku ɗan matso don lasifikar nan ba ta da ƙarfi. To kowa nan ya san kafin alƙalami ko? Ka ga fili, ka ba mai shi wani abu ya riƙe maka wata guda kan farashi kaza. Ofshin kusan haka yake, sai dai kuɗin da ka bayar, wato firimiyam, ba a cire su daga farashin kayan, kuɗin damar ne kawai, ka saya ko ka fasa sun tafi. Damar saye ita ce kol, damar sayarwa kuma fut.

Bari mu yi lissafi. Hannun jarin wani kamfani yana dala 100, ka sayi kol ta wata ɗaya kan farashin 105, firimiyam dala 3. A Amurka kwantiragi ɗaya hannun jari 100 ne, kenan dala 300 ka zuba. Ranar ƙarshe farashi ya kai 106, kana ta murna ai hasashenka ya yi daidai, to malam dala 100 za ka karɓa, wato tazarar dala 1 tsakanin 105 da 106 sau hannun jari 100, 200 sun bi ruwa, sai ya wuce 108 sannan ka fara ganin riba. Nan ne sababbin shiga ke shan kashi, sun canki inda kasuwa ta nufa amma lokaci ya cinye su, don kullum gari ya waye ofshin ɗinka na rage daraja kamar ƙanƙara a hannun mai talla.

Wa ya yanke dala 3 ɗin nan? A 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar ofshin ta Cikago, Fischer Black da Myron Scholes suka fito da lissafinsu na ƙiyasta farashin ofshin, Robert Merton ya faɗaɗa shi. Abu biyar yake ci: farashin yau, farashin yarjejeniya, sauran lokaci, kuɗin ruwa, sai yawan hawa da saukar farashi. Huɗun farko kowa na ganinsu a allo, na biyar ɗin ne ake cinikinsa a gaskiya, don hasashe ne, shi ya sa ofshin ke tsada gab da kamfani zai sanar da ribarsa, washegari kuma ya zube. Scholes da Merton sun karɓi Nobel a 1997, Black ya riga ya mutu tun 1995, a 1998 kuma LTCM, asusun zuba jari da Scholes da Merton ke ciki, ya durƙushe.

Alhaji na ga ka ɗaga hannu, hukunci ko? Majalisar fiƙihu ta OIC, wato ƙungiyar ƙasashen Musulmi, ta zauna a Jidda a 1992 ta ce bai halatta ba. Bayan la'asar sai mu dawo kan fut.