Idan Allura Ta Soki Ma'aikacin Lafiya

Assalamu alaikum. Likitoci, nas-nas, ungozomomi, da 'yan uwanmu masu shara da wanki, barkanku da zuwa.

Da zan raba muku takardar jarrabawa yanzu kan hanyoyin kare kai daga cuta a wurin aiki, na tabbata yawancinku za ku ci. Sani kam akwai shi. Inda ake samun tangarɗa shi ne da tsakar dare, nas ɗaya tana fama da gadaje da yawa, ta gama ɗibar jini, kwalin jefa allura yana can ƙarshen ɗaki. Sai ta riƙe murfin da hagu, ta nemi mayar da allurar ciki da dama, idonta yana kan wani marar lafiya da ke kiranta. Nan take sai tsini ya shiga yatsa. Safar hannu ba ta tare tsinin allura.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2002 cewa cikin ma'aikatan lafiya miliyan 35, kusan miliyan 3 ne allura ko wani abu mai kaifi da ya taɓa jini mai ɗauke da cuta ke soka duk shekara. Kowa kanjamau yake tsoro, kuma da gaskiyarsa. Amma ku saurari lissafin. Idan allurar mai kanjamau ce, kusan mutum 3 cikin 1,000 ke kamuwa. Ciwon hanta nau'in C, kusan 2 cikin 100. Nau'in B kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100 ga wanda bai yi riga-kafi ba, ƙwayarsa kuma tana iya kwana 7 da ranta a busasshen jini. Abin da ke damuna, nau'in B ɗin ne kaɗai mai riga-kafi a cikin ukun: allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Da yawa sukan yi ɗaya ko biyu su watsar.

To, idan ta riga ta soke ka fa? Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu. Kada ka tsotsa, kada ka matse. Sannan ka kai rahoto a take, domin maganin kariya daga kanjamau ana so a fara shi cikin 'yan sa'o'i, ba a wuce sa'a 72, a sha kwana 28. Na san abin da ke sa mutane yin shiru: kunya, fargabar gwaji, tsoron a ce sun yi sakaci. Don Allah, shugabanni, kada ku yi wa mai kawo rahoto faɗa. Kada kuma a kulle maganin a kabad, makulli ya tafi gida da mutum ɗaya a ƙarshen mako.

Bari in koma kan masu shara. Ba su yi wa kowa allura ba, amma su ke ɗaukar ledar da wani ya jefa allura a ciki, su ke ɗaga kwalin da aka cika har tsini yana leƙowa, alhali ƙa'ida a rufe shi da zarar ya kai kashi uku cikin huɗu. In an tashi horarwa kuma ba a cika kiransu ba. Ina roƙon duk mai kula da sashe, idan ya koma, ya ajiye kwali kusa da inda ake yin allura, ya kuma binciki katin riga-kafin ma'aikatansa, ya fara da na masu shara.