Sharhi: Yadda matan Falasɗinu suka fita daga inuwar jam'iyyu

Masu sauraro, a ranar 8 ga Maris, 1978, wasu mata 'yan boko suka taru a Ramallah suka kafa kwamitin ayyukan mata. Ƙungiyoyin jinƙai sun riga shi, irin In'ash al-Usra da Samiha Khalil ta kafa a 1965, amma shi ya shiga ƙauyuka da sansanonin 'yan gudun hijira, yana buɗe ajin yaƙi da jahilci da wuraren renon yara.

Ba a je ko'ina ba, zuwa 1982, aikin ya rabu gida huɗu bisa jam'iyyun siyasar Falasɗinawa: na Fatah, na 'yan gurguzu, da na jam'iyyu biyu masu ra'ayin sauyi, PFLP da DFLP. Nan matsalar take. Jam'iyya ke ba da kuɗi, ita ke tsara abin da za a sa a gaba, amsarta kuma ɗaya ce: a 'yanta ƙasa tukuna, maganar mata ta jira.

Boren intifada na 1987 ya tona asirin wannan lissafi. Mata suka koyar da yara a gidaje lokacin da Isra'ila ta rufe makarantu, suka yi lambuna domin ƙaurace wa kayanta, amma kujerun yanke shawara suka ci gaba da zama na maza. Daga nan cibiyoyi masu zaman kansu suka fara ɓullowa, kamar cibiyar taimakon shari'a ta mata da aka buɗe a Ƙudus a 1991. Suka taɓo inda ke musu ƙaiƙayi: dokar iyali. Gaɓar Yamma na bin dokar Jodan ta 1976, Gaza kuwa ta zamanin mulkin Masar ta 1954. Majalisar gwaji ta mata a 1998 ta tattauna gyaransu, ta sha suka daga masu kishin Islama.

Sai dai 'yancin daga jam'iyyu ya zo da tsada. Kuɗin masu ba da tallafi na waje ya maye gurbin na jam'iyya, ofis ya maye gurbin ƙauye.

Wannan giɓi ne fafutukar mata ta Tal'at, wato "mun fito", ta so cikewa a Satumban 2019, bayan kisan wata budurwa daga Beit Sahour. Ba tutar jam'iyya, ba ofis, mata suka fito a Ramallah, Haifa, Rafah da Beirut rana guda, da taken babu 'yantacciyar ƙasa sai da 'yantattun mata.